Kujerun Mata A Kamfanoni: Na Wa Ne?

'Yan'uwa talakawa, a 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Nijeriya, bankuna suka yi alkawari cewa cikin kowace kujera goma ta daraktoci, uku za su zama na mata. A 2023 Babban Banki ya ƙara ƙa'ida, kada daraktocin banki su zama maza zalla ko mata zalla. Ƙasar Norway kuwa tun 2003 ta yi dokar kashi 40 cikin 100.

Waɗansu suna cewa wannan tilas ce, a bar cancanta ta yi aikinta. To, mu tambaye su: a zaɓen 1959, rashin cancanta ne ya hana matan Arewa jefa ƙuri'a alhali na Kudu suna jefawa? Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan, ba a ba su ba sai 1976. Ko a Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurorin ware wa mata kujeru. Wanda ya hau kujera ba ya sauka don kunya, sai doka ta matsa shi. Saboda haka mu muna bayan dokar.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. A Norway, da doka ta kankama, sai aka ga waɗansu mata ƙalilan sun tara kujeru da yawa. Haka muke tsoro a nan: attajiri ya ɗora matarsa, mai mulki ya ɗora 'yarsa, a ce an cika doka. An sauya hula da ɗankwali, amma gidan ɗaya ne.

Ku dubi matar Fammar. Ita ke matsar man gyaɗa, ita ke suyar ƙuli-ƙuli, kayanta ake kai wa kasuwannin Kibiya da Rano. Uwar adashe tana riƙe kuɗin maƙwabta, kwabo bai taɓa ciwon kai ba. Wannan ce za a ce ba ta iya lissafi ba? Amma ranar yanka kuɗin rumfa, ko rabon taki, ko bashin ƙungiya, wa ya tambaye ta?

Abin da muke nema uku ne. A sauko da kujera uku cikin goma zuwa kwamitin kasuwa, da ƙungiyoyin gama kai, da ƙananan bankunan da ke karɓar ajiyarmu. Mata su zaɓi wakilansu da kansu, ba naɗi ba. Kada mace ɗaya ta tara kujeru.

Mu ma maza, kada mu jira Abuja. A taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya duba teburin shugabanni. In babu mace, ya miƙe ya tambayi dalili. Wanda ya san zafin danniya bai kamata ya danne na ƙasa da shi ba. Allah ya sa mu gane.