Sauya Kwas Zuwa Likitanci: Alkawarin Da Ke Cinye Shekarun Matasa

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wata magana da ake rarrashin 'yan'uwa matasa da ita. Yaro ya nemi likitanci a ABU Zariya, ko Bayero a Kano, ko Ɗanfodiyo a Sakkwato, sai aka tura shi Bayoloji ko Kemistiri, sai a ce masa: karɓi kawai, in ka gama aji ɗaya ka sauya. Galibi da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, amma mafi yawan masu faɗa ba su san yadda nizamin yake tafiya ba.

Haƙiƙanin lamari shi ne, ba jami'a ce take yanka wa kanta adadin ɗaliban likitanci ba. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Nijeriya, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan da za ta ɗauka, bisa la'akari da malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Ita ce kuma take yi wa ɗaliban rajista, ita take ba su lasisi bayan karatun shekara 6. Haka abin yake a fannin lauya: a shekarar 2023 majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗalibai saboda ta zarce adadin 50 da aka ba ta. Babu shugaban tsangayar da zai jefa makarantarsa cikin irin wannan hali don wani yaro ya cika burinsa.

Ke nan gurbin mai sauya kwas ba ya samuwa sai wani ya faɗi jarrabawar aji ɗaya ko ya bar karatu. 'Yan gurabun da suka rage kuwa ba 'yan cikin gida kaɗai ke jiransu ba. Akwai masu shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon IJMB, akwai masu digiri da suka dawo neman likitanci. Wanda bai kai makin digiri mai daraja ta ɗaya ba, wato 4.50 cikin 5.00, da wuya a duba takardarsa, kuma ko ya kai babu tabbas. Wasu jami'o'in ma sun rufe ƙofar gaba ɗaya.

Ɓarnar da wannan alkawari yake yi ta fi yadda ake zato. Matashi ya shiga Kemistiri yana raina shi, jikinsa na aji zuciyarsa na asibiti, idan an tambaye shi abin da yake karanta sai ya ce ai kafin ya sauya ne. Shekara ta zagayo ba a sauya masa ba, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ƙarasa shekara 4 da ƙyar da sakamako mai rauni: an yi ba wan ba ƙanen. Alhali kuwa Imam Gazali, da ya ƙirga likitanci cikin farali kifaya a Ihya'u, ya ƙirga lissafi da noma tare da shi.

A nan ne dillalai suke samun kasuwa. Wani ya ce ya san wani a ofishin rajista, uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona. Wannan rashawa ce ko da wane suna aka kira ta, domin kujerar da aka saya ta wani ɗan talaka ce da ya fi maki, kuma rayukan mutane za a damƙa wa mai sayen nan gaba. Sannan tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, duk ɗaukar da ba ta bi ta nan ba haramtacciya ce a wajenta. Wanda takardarsa ta JAMB ta ce Bayoloji, ta jami'a kuma ta ce wani abu dabam, zai gane kurensa ranar da ya nemi zuwa bautar ƙasa.

Jami'o'i ma da nasu alhakin. Kowa ya san rabon ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin yankin jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. To, don me sauya kwas kaɗai za a riƙa yi a ɓoye? Wajibi ne a lika a allo yawan gurabun da suka rage, da makin da ake nema, da makin duk wanda aka ba.

Ɗan'uwan da likitanci ya shiga ransa, kafin ya biya kuɗin rajista ya nemi littafin dokokin ɗalibai ya ga ko jami'ar ta yarda da sauyin a rubuce. In ba ta yarda ba, sake zana JAMB da Turanci da Fizis da Kemistiri da Bayoloji yana cikin aji ɗaya ya fi masa jiran gawon shanu, ko kuma ya nufi makarantar share fage ta ABU da ke Funtua ya yi IJMB.