Kunne Ma Jari Ne: Kira Ga 'Yan Kasuwar Gure Su Ɗauki Nauyin Ɗalibai Masu Bincike

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Mu da muke aikin rediyo da ku da kuke zaman kasuwa mun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin kuwa da kunne muke neman abinci gaba ɗayanmu. Ciniki magana ce: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Ranar da 'yar kasuwa ta fara jin talatin a inda aka ce tamanin, ranar asara ta fara shigar mata jari, kuma sau da yawa kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi amfani da wannan fili mu ja hankalin 'yan kasuwarmu na Gure, maza da mata, kan wani lamari da ake ɗauka na 'yan boko ne kawai, wato tallafa wa ɗaliban jami'a su yi bincike kan ciwon kunne, kurumta da jiri.

Bari mu fara da alƙaluma. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021, ta ce mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi ne suke fama da raunin ji a duniya, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar kulawa ta musamman. Rahoton ya ƙara da cewa a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin 100 ba su da ko da likitan kunne, hanci da maƙogwaro guda ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya, sa'annan kashi 93 cikin 100 ba su da masanin auna ji ɗaya ga mutum miliyan. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da za a iya kauce masa tun da wuri.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin duniya ne. To mu dawo gida. Nijar tana tsakiyar yankin da sanƙarau yake addaba duk lokacin hunturu da bazara. A 2015 annobar ta kama mutane fiye da 8,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 500. Daga watan Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, a jihar Damagaram kaɗai an lissafa mutane 559 da suka kamu, 18 suka rasu, kuma yankin Dungas ne ya fi jin jiki. Ana ƙirga waɗanda suka rasu, ana ƙirga waɗanda aka sallama daga asibiti. Amma likitoci sun tabbatar da cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tashi daga wannan cuta yana fita da wata naƙasa, kuma kurumta na daga cikin waɗanda aka fi gani. Yaron da ya warke amma ya daina amsa kira, shi ne za a riƙa ce wa mai taurin kai, a doke shi a gida, a kore shi daga lakwal.

Bayan sanƙarau akwai ƙyanda da hangum, akwai kunnen yara da ke zubar da mugunya wata da watanni har dodon kunne ya huje, akwai ɗabi'ar sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza da ɗura masa duk abin da maƙwabciya ta ce magani ne. Akwai kuma wasu allurai, irin su jantamaisin da siteraftomaisin, waɗanda idan aka yi su ba bisa ƙa'idar likita ba suna iya kashe ji har abada. A 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da allurar kanamaisin wajen maganin tarin fuka mai gardama.

Sai kuma ƙara, wadda ita ce ta fi shafar mu 'yan kasuwa kai tsaye. A can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar dodon koɗi, a cikinta akwai ƙananan gasusuwa kimanin 15,000 masu mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su sannu a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masana sun ce wanda yake wuni awa 8 a cikin ƙarar da ta kai desibel 85 ya shiga haɗari. Ga ma'auni mai sauƙi: idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye kusa da ke, tazarar tsawon hannu, ta ji abin da kike faɗa, to ƙarar wurin ta yi yawa. Yanzu ku tuna da mai injin niƙa da yaransa, da matar da rumfarta take jikin injin markaɗe, da maƙera, da masu walda, da mai cajin waya da ke zaune kusa da janareto daga safe har dare.

Haka nan abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kunne ne yake riƙe da daidaiton tsayuwar mutum. Kusa da wancan dodon koɗin akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa a ciki, su ne suke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya juya ko ya sunkuya. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Robert Bárány, ya samu kyautar Nobel ta 1914 saboda binciken wannan sashe. Idan wasu 'yan tsakuwoyi da ke wurin suka kauce daga mazauninsu, sai mutum ya ga duniya tana juyawa duk sanda ya kwanta ko ya ɗaga kai. Wani likitan Amurka, John Epley, ya wallafa a 1992 hanyar mayar da su ta juya kan mara lafiya a hankali, cikin 'yan mintoci, ba allura ba ƙwaya. Amma jiri yana iya zuwa daga ƙarancin jini ko hawan jini ko yunwa, don haka sai wanda ya koya ne zai bambance. Matar da take ɗaukar kaya a ka daga tasha zuwa rumfa, idan hajijiya ta kayar da ita, kaya sun tafi, wataƙila ƙashi ma ya karye.

Alƙaluman duniya ba za su gaya mana masu niƙa nawa ne a Gure, Gidigir, Subdu ko Kelle jinsu ya ragu ba. Sai an zo an auna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu aunawar muna da su. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan André Salifou, tana da tsangayar koyon aikin lafiya. Ga makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP a garin, ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ɗalibin likita ba ya fita sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai, haka ma ɗaliban lisans da dama. Ke nan duk shekara akwai matasa, har da 'ya'yanmu na Muniyo, da dole ne su binciki wani abu.

Abu biyu ne yake tare musu hanya. Na farko kuɗi. Alawus ɗin da hukumar ANAB take ba wanda ya dace na ci da sha da wurin kwana ne. Kuɗin mota daga Damagaram zuwa Gure, tafiyar fiye da kilomita 150, da masauki, da buga takardu, da fitilar duba kunne, duk sai dai daga aljihun iyaye. Wanda ba shi da hali dole ya zaɓi abin da zai iya tattarawa daga rajistar asibitin birni, mutanen karkara kuwa da ba su taɓa zuwa asibitin ba babu su a lissafi. Na biyu jagora. Likitocin kunne kaɗan ne, marasa lafiya sun yi musu yawa, kuma jagorancin ɗalibi yana cin lokaci.

A nan ne muke ganin 'yan kasuwa sun fi kowa fahimtar maganin. Wane babban ɗan kasuwa ne ya tashi ba tare da ubangida ba? Yaro yakan fara da sharar shago, ya koyi awo, ya koyi gane jabun kaya, a aike shi Kano ko Maigatari saro, sa'annan in ya goge a yanka masa jari a sallame shi. Jari babu ubangida ɓarna ne, ubangida babu jari wahala ce. Ɗalibi mai bincike ma haka yake: yana buƙatar ɗan jari, yana buƙatar malamin da zai duba masa aiki tun daga tsara tambayoyi har zuwa haɗa lissafi.

Ga shawararmu. Idan 'yan kasuwa 200 suka yarda kowa ya riƙa zuba dala ɗari a wata, jika ɗari ke nan duk wata, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Wannan ya isa a ba ɗalibai huɗu jika ɗari uku-uku, a ware wani abu daga ciki don kuɗin motar malamin da zai zo ya ga aikinsu da idonsa. Mata ba baƙi ba ne a wannan harka. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991, kuma daga ƙasar nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Waɗanda suka iya riƙe asusu da adashe shekara da shekaru za su iya riƙe wannan.

Amma a gindaya sharuɗɗa. Jami'a ce za ta zaɓi ɗalibai, a samu mace a cikinsu, a kuma rubuta sunan malamin da zai jagoranci kowanne. A nemi izinin hukumomin lafiya, kada a auna kowa sai da yardarsa. Ɗalibi ba zai rubuta magani ba. Wanda aka samu da matsala a tura shi asibitin Gure ko sashen kunne na babban asibitin Damagaram. A biya kuɗin kashi uku, kowane kashi sai an ga aikin da ya gabata. Daga ƙarshe ɗalibin ya dawo kasuwa ya faɗi abin da ya gano da Hausa da Barbarci, mu kuma ma'aikatan rediyo mu isar da shi ga kowa.

Aikin yi kuwa ba ya ƙarewa. Wani ya auna ƙarar injinan niƙa da jin masu aiki da su. Wata ta bi sawun yaran da suka tashi daga sanƙarau. Wani ya binciki jiri a tsakanin mata masu dako da talla. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da manhajar waya mai suna hearWHO, wadda take gwada ji ta hanyar karanto lambobi a cikin hayaniya, kuma da Turanci ta fara fitowa. Ɗalibin kwamfuta da na likita za su iya haɗa kai su gwada irinta da ƙirgen Hausa. Mu tuna cewa wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ita ce ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi kan maganar hannu ta Hausa a shekarar 2000. Ta kyauta, amma ya kamata aiki na gaba ya fito daga hannun namu.

Wasu za su ce wannan nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ba mu sauke mata shi ba. Tarayyar Afirka ta daɗe da sanya wa ƙasashe burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike, maƙwabciyarmu Najeriya kuma ta buɗe cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna tun 1999. Sai dai wanda ya je gaban hukuma da takarda mai alƙaluma ya fi wanda ya je da koke kawai samun biyan buƙata, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wasu kuma za su ce yaran za su ƙware su tafi birni. Wasunsu za su tafi, amma sakamakon binciken zai zauna a nan, kuma wanda kasuwar garinsu ta ɗauki nauyinsa da wuya ya manta hanyar gida.

Saboda haka muna kira ga sarkin kasuwa, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, iyayen adashe da masu injinan niƙa da su zauna su tattauna wannan batu, su tura wakilai jami'a. Ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Babu laifi a sanya ta zama ranar da za a riƙa miƙa wa ɗalibai tallafinsu a tsakiyar kasuwa, a gaban kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.