Maldives: Gadoji da sababbin tsibirai na tashi, wa'adin biyan bashi na ƙaratowa

A ranar 26 ga watan Yulin 2025, ranar da ƙasar Maldives ta cika shekaru 60 da samun ƴancin kai daga Birtaniya, shugaba Mohamed Muizzu ya buɗe sabon zauren fasinjoji na filin jirgin saman Velana, wanda shi ne babbar ƙofar shiga ƙasar. Babban baƙo a bukukuwan ƴancin kan shi ne Firaministan Indiya Narendra Modi, wanda ya zo da alƙawarin rancen rupee biliyan 48.5, kwatankwacin dala miliyan 565. Shekaru biyu kacal kafin wannan rana, Muizzu ya ci zaɓe ne da alƙawarin fitar da sojojin Indiya daga ƙasarsa. Bashi ne ya sake haɗa su inuwa ɗaya.

Wannan ƙaramar ƙasa ta Musulmi da ke tekun Indiya ta shafe fiye da shekaru goma tana gine-ginen da suka fi ƙarfin aljihunta: gadoji a kan teku, dogayen benaye, filayen jiragen sama, har ma da sababbin tsibirai da ake ɗagowa daga ƙarƙashin ruwa. Babu mai musun cewa tana buƙatar yawancinsu. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne yadda za a biya, da kuma irin kuɗin da za a biya da shi.

Ƙasar da fili ya yi wa ƙaranci

Maldives tarin tsibirai ne kusan 1,200, amma waɗanda jama'a ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna mutum kusan 515,000 ne ke zaune a ƙasar, har da baƙi ma'aikata, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na wannan adadi suna Malé, babban birnin ƙasar, da kewayensa. Tsibirin Malé kansa faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2 ne kawai, abin da ya sa yake cikin wuraren da suka fi cunkoso a duniya. Iyalai da dama na cuɗe a ɗakuna ƴan ƙalilan, kuɗin haya kuma na cinye kaso mai tsoka na albashi.

Ga kuma teku. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai tsayin mita 1 a saman ruwa ba. Ambaliyar da ta shiga Malé a 1987 ce ta sa aka kewaye birnin da katangar kare igiyar ruwa da tallafin Japan, kuma katangar ta rage ɓarna sosai lokacin igiyar tsunami ta watan Disamban 2004, wadda ta kashe fiye da mutum 80 a ƙasar. A 2009 shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku domin jan hankalin duniya kan ɗumamar yanayi.

Matsin fili da barazanar ruwa su suka haifi Hulhumalé, tsibirin da aka fara cikewa da yashin ƙasan teku a 1997, zamanin shugaba Maumoon Abdul Gayoom. An ɗaga shi kimanin mita 2 a saman ruwa, mazaunan farko suka tare a 2004, kuma a yau dubban iyalai ne ke can. A ɓangarensa na biyu wani kamfanin Chaina ya gina benaye 16, kowane mai hawa 25, da ke ɗauke da gidaje kusan 7,000.

Kowane shugaba da nasa babban aiki

Zamanin shugaba Abdulla Yameen, daga 2013 zuwa 2018, shi ne lokacin da Chaina ta shigo da ƙarfinta. Babbar alamar wannan zamani ita ce gadar Sinamalé, wadda ake kira Gadar Abotar Chaina da Maldives, suna irin wanda mazauna Yamai suka sani a gada ta biyu da Chaina ta gina a kan kogin Kwara. An buɗe ta ranar 30 ga watan Agustan 2018, ta haɗa Malé da tsibirin filin jirgin sama, daga nan kuma hanya ta zarce Hulhumalé. Ta ci kimanin dala miliyan 200, kaso mafi girma kyauta daga Chaina, wani kaso kuma rance. Kafin ita, jirgin fito ne kawai hanyar tsallakawa. Ministan gidaje da ya kula da aikin a lokacin shi ne Muizzu, shugaban ƙasa na yanzu. Gadar ba ta ceci Yameen ba: bai cika wata guda da buɗe ta ba ya faɗi zaɓe.

Wanda ya kayar da shi, Ibrahim Mohamed Solih, ya juya wajen Indiya, ita ma ta zo da tata gadar, wadda ta fi ta Chaina tsawo. Aikin Thilamalé mai tsawon kilomita 6.74 zai haɗa Malé da tsibiran Villingili da Gulhifalhu da Thilafushi, inda ake shirin mayar da tashar jiragen ruwa da masana'antu. Indiya ta ba da kyautar dala miliyan 100 da rancen dala miliyan 400, kamfanin Afcons na Indiya ya karɓi kwangilar a watan Agustan 2021, kuma aikin ya wuce wa'adin da aka sa masa tun farko.

Da Muizzu ya hau mulki a watan Nuwamban 2023, sai ya ƙaddamar da Ras Malé, shirin cike fiye da hekta 1,000 na teku marar zurfi a kudu da babban birnin domin gina sabon gari.

Tarihin filin jirgin Velana ya nuna tsadar wannan sauye-sauyen alƙibla. A 2010 gwamnatin Nasheed ta ba kamfanin GMR na Indiya kwangilar gudanar da filin na tsawon shekaru 25. Gwamnatin da ta biyo baya ta soke kwangilar a 2012, kotun sasanta rikicin kasuwanci a Singapore ta yanke wa ƙasar diyyar kusan dala miliyan 270, aka biya a 2016. Daga baya kamfanin Chaina ya gina sabon titin saukar jirage da rancen Chaina, kamfanin Binladin na Saudiyya kuma ya karɓi ginin zauren fasinjojin a 2016 da rancen asusun raya ƙasashe na Saudiyya da Kuwait da Abu Dhabi da na ƙungiyar OPEC. Shekaru tara aka yi kafin a buɗe shi.

Da dala aka ci bashin

Yawancin wannan bashi da kuɗin waje aka ci shi, kuma da kuɗin waje za a biya. Maldives kuwa ƙofa ɗaya take da ita ta samun dala mai yawa, wato yawon buɗe ido, sai ɗan abin da kifin tuna ke kawowa. Kusan komai daga waje take saye: shinkafa, man fetur, siminti, magunguna, har da duwatsun gini. A 2024 baƙi fiye da miliyan 2 suka ziyarci ƙasar, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Amma a 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda, bashin kuwa bai ragu da ko sisi ba.

A nan ne ya kamata a bambanta ayyukan. Filin jirgin sama, wanda aka tsara sabon zaurensa ya karɓi fasinjoji miliyan 7.5 a shekara, zai iya biyan kansa idan baƙi suka ci gaba da ƙaruwa, domin dala yake kawowa. Gada da gidajen haya kuwa, duk amfaninsu ga talaka, abin da za su shigar da kuɗin gida ne, wato rufiya. Dole gwamnati ta nemo dalar biyan bashinsu daga wani wuri.

Bashin gwamnati ya zarce kashi 120 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sanya ta cikin ƙasashen da ke cikin babban haɗarin kasa biya. A watan Agustan 2024 hukumar Fitch mai auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi ta rage darajar Maldives, a watan Satumba takwararta Moody's ta bi sahu. A hukumance dala ɗaya rufiya 15.42 ce, amma ɗan kasuwar da bai samu a banki ba sai ya biya fiye da haka a kasuwar bayan fage, ya ɗora bambancin kan farashin kaya. Daga watan Janairun 2025 doka ta tilasta wa manyan otal-otal na tsibirai su canzar da wani kaso na dalarsu a bankunan cikin gida.

Babban gwaji shi ne shekarar 2026, wadda a cikinta bashin waje da ya kamata a biya ya haura dala biliyan 1. Kusan rabinsa takardun sukuk ne na dala miliyan 500 da aka sayar a 2021, waɗanda wa'adinsu ke cika a watan Afrilu. Sukuk hanya ce ta karɓar jari bisa tsarin Musulunci, irin wadda Najeriya ke amfani da ita tun 2017 wajen gina hanyoyi. Bambancin shi ne na Najeriya da naira ake sayar da shi a cikin gida, na Maldives kuwa da dala ne, ribar da ake biya a kansa ta kusa kashi 10 cikin 100 a shekara, kuma wani ɓangare nasa tsohon bashi aka biya da shi.

Tsakanin Indiya da Chaina

Muizzu ya cika alƙawarinsa na zaɓe. Jami'an sojan Indiya, waɗanda ba su kai 90 ba kuma suke kula da jirage masu saukar ungulu biyu da ƙaramin jirgi ɗaya, sun fice a watan Mayun 2024, fararen hula suka maye gurbinsu. Tun a watan Janairun shekarar ya kai ziyarar aiki Beijing, a daidai lokacin da kalaman ɓatanci da wasu ƙananan ministocinsa uku suka yi wa Modi suka sa Indiyawa da dama ƙaurace wa ƙasar. Indiya, wadda ta fi kowa aika baƙi a 2023, ta rasa wannan matsayi.

Da asusun ajiyar kuɗin waje ya kusa ƙarewa, Indiya ce ta miƙo hannu. Ta ɗage wa'adin biyan wasu takardun bashi na dala miliyan 50 har sau biyu a 2024, a watan Oktoba kuma Muizzu ya je New Delhi ya dawo da yarjejeniyar musayar kuɗi ta dala miliyan 400 da rupee biliyan 30. Maƙwabtaka ta yi aikinta, kamar yadda ta yi a watan Disamban 2014, lokacin da gobara ta tsayar da injin tace ruwan teku na Malé, jiragen Indiya suka fara isowa da ruwan sha.

Gasar manyan ƙasashen biyu ta samar wa Maldives kuɗin da ba za ta samu ba in da babu ita, domin tsibiran suna kusa da hanyar jiragen ruwan da ke kai mai daga Gabas ta Tsakiya zuwa gabashin Asiya. Sai dai ɗage wa'adi da musayar kuɗi jinkiri ne kawai suke kawowa. Maƙwabciyarta Sri Lanka, wadda ta kasa biyan bashinta a 2022 har mai da magani suka yi wuya, ta isa misali.

Abin da yashi ke binnewa

Akwai wani farashin da ba ya shiga lissafin kasafin kuɗi. Tsibiran Maldives a kan duwatsun murjani suke zaune, kuma waɗannan duwatsu masu rai su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa, su ne gidan kifi, su ne kuma abin da baƙi ke biyan dala su zo kallo. Kwashe yashi daga ƙasan teku da zuba shi a wani wuri na dagula ruwa, laka ta lulluɓe murjanin, wanda dama zafin teku ya yi wa mummunar illa a 1998 da 2016. Masunta da masu kare muhalli na cikin gida sun daɗe suna kokawa kan haka.

Haka kuma, kusan duk manyan ayyukan a kewayen Malé suke. Duk gida da gadar da aka ƙara a can na ƙara jawo mutanen tsibiran nesa, waɗanda buƙatunsu ruwan sha ne, da magudanar ruwa, da asibiti, da jirgin fito mai zuwa kan lokaci. An zuba rancen Indiya a aikin filayen jiragen sama a arewa da kudu, amma nauyin kuɗin har yanzu a tsakiya yake.

Abin lura a gaba

Abubuwa uku za su nuna inda aka dosa. Na farko, yadda za a riƙa biyan bashin waje: daga ajiyar ƙasa, ko da sabon bashi, kuma a kan wace riba. Na biyu, ko gwamnati za ta iya rage kashe kuɗi kan tallafin mai da lantarki da kamfanoninta, matakin da Bankin Duniya ya daɗe yana ba da shawara a kai, ba tare da ta jefa masu ƙaramin ƙarfi cikin ƙunci ba. Na uku, ko za a jinkirta sababbin ayyuka irin Ras Malé har a kammala waɗanda ke hannu.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gadar Sinamalé ta sauƙaƙa wa ma'aikaci zuwa aiki, katangar Malé ta ceci rayuka, Hulhumalé ta ba dubban iyalai matsuguni. Amma idan dala ta yanke, mutanen da aka yi ayyukan dominsu su ne za su fara ji a farashin shinkafa da kuɗin wuta, tun kafin masu bin bashi su ji a jikinsu.