A koya wa ɗaliban kiwon lafiya iya magana da marar lafiya



Kowace shekara makarantar kiwon lafiya ta gwamnati, wato ENSP ta Damagaram, da makarantu masu zaman kansu suna yaye matasa masu jinya da ungozomomi. Su ne za a tura CSI na ƙauyukanmu, su ne za su raka marar lafiya cikin ambilans daga Magariya, Tanut ko Gure zuwa babban asibitin Zinder. Sun koyi ɗaura ƙarin ruwa, auna jini da tsayar da zubar jini. Tambayarmu a yau ita ce: an koya masu yadda za su yi magana da mutumin da ke kwance gabansu?

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Masana lafiyar uwa da jariri suna lissafa jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa likita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. To, na farkon nan yana da alaƙa da irin tarbar da aka yi wa mutum a zuwansa na baya. Matar da aka daka wa tsawa gaban jama'a ranar awo, in naƙuda ta zo, sai ta ce a bar ta gida. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, tiyatar haihuwa ma haka. Amma kyauta ba ta jawo wanda aka wulaƙanta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Matsalar ba ta yau ba ce, kuma ba tamu kaɗai ba ce. A 2003, masu bincike Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da littafi kan asibitocin Yamai, Bamako, Dakar, Konakiri da Abijan. Abin da suka gani a ko'ina kusan ɗaya ne: mai sanayya ana tarbarsa da kyau, wanda ba a san shi ba kuwa sai ya jira, ba gaisuwa, ba bayani.

Abu na farko da ya kamata makarantunmu su duba shi ne harshe. Ɗalibi ya yi karatunsa duka da Faransanci, ga shi zai yi aiki da Hausa, wani wurin da Barbarci, Fulatanci, Buzanci ko Tubanci. Tsohuwa ta ce jikanta na da "ɗan kanoma", magidanci ya ce "zahi" ke damunsa, mace ta sunkuyar da kai ta ce "sanyi ne". Kowace kalma a nan tana iya ɗauke da cuta fiye da ɗaya, sai wanda ya iya tambaya a hankali zai gano. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In da gaske ake, a fara daga nan: ɗalibi ya koyi bayyana hawan jini, jijjiga da tamowa da harshen da majinyaci ke ji.

Na biyu, kunya da al'ada. Mai cikin fari a wajenmu ba ta kuka, ba ta faɗin inda ke mata ciwo gaban surukarta. Wanda bai san haka ba zai ga ta yi shiru ya ce da sauƙi, alhali jini na zuba. Ma'aikacin da ya san gida zai ce: "Inna, ku ɗan ba mu wuri, yanzu zan kira ku." Zai ce wa maigida: "Malam, ga abin da muka gani, ga dalilin da ya sa dole a kai ta Zinder cikin daren nan." Minti biyu ne, amma da shi ake samun yardar da ke ceton rai. Sanin al'ada kuma ba ya nufin a bi kowace al'ada. In an yi wa yaro sakiya ko an cire masa beli a gida, sai a faɗi illar a fili, ba tare da an zagi iyayensa ba.

Na uku, amana. Yau kowa da salula a hannu. Hatsari ya auku kan hanyar Takeita ko ta Mirya, kafin sojojin kashe gobara masu lamba 18 su iso, hoton wanda ya ji rauni ya zagaye WhatsApp, uwarsa ta gani kafin a sanar da ita. Duk mai sanye da farar riga ya kamata ya fita daga makaranta da sanin cewa jikin marar lafiya da sirrin cutarsa amana ne. Ku ma ƴan uwa na ƙetare, mun san ku ke aiko kuɗin magani, amma in majo ya ƙi faɗa maku cutar matar ƙanenku ta waya, kada ku ji haushi. Aikinsa ya yi.

Ma'aikatan su ma suna da tasu hujja, kuma gaskiya ce. A lokacin damina, in masassarar cizon sauro ta haɗu da tamowa, mutum ɗaya na iya kwana tsaye kan yara da yawa. Ga kuma masu rakiya goma da ke cika ɗaki, kowa da tasa magana. Gajiya na sa baki ya yi kaifi, shi ya sa ƙarin ma'aikata wajibi ne.

Abin da muke roƙo bai buƙaci miliyoyin sefa ba. A sa ɗalibai su riƙa gwada tarbar majinyaci a aji, da Hausa da sauran harsunan jaha. A ba da maki kan gaisuwa, bayani da rufin asiri lokacin da suke koyon aiki a asibiti, kamar yadda ake bayarwa kan allura. A gayyato tsofaffin ungozomomi, malamai da ƴan kwamitin lafiya na ƙauyuka su zauna da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma namu shi ne mu kai marar lafiya da wuri, mu rage yawan masu rakiya, mu faɗi gaskiyar maganin da aka sha a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Muna jiran ra'ayoyinku.