Wasiƙa Zuwa ga Lauyoyi da Dillalan Bizar Birtaniya



Magidanci ya sayar da filinsa a Kano, ya shigo ofis da fasfo huɗu a leda: nasa, na uwargida, na yara biyu. Ya samu gurbin digiri na biyu, na shekara ɗaya, a Ingila. Kafin a kai ga maganar kuɗin aiki, haƙƙinsa ne ya ji cewa tun 1 ga Janairu 2024 Birtaniya ta hana mai irin wannan karatu tafiya da iyali, sai mai digirin bincike irin na dakta, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Dillalin da ya san haka, ya karɓi fasfo huɗun yana cewa "bari mu gwada sa'a", amana ya ci.

Masu aikin kula da tsofaffi ma an hana su iyali a Maris 2024, aka rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yuli 2025. Amma har gobe ana tallar gurabensu a WhatsApp.

Inda aikin ya fi wuya shi ne tambayar da kunya ke hana yi. Alhaji matansa nawa? Idan ɗaya ta riga ta shiga Birtaniya a matsayin matarsa, doka ba ta ba ta biyun bizar aure, komai ingancin ɗaurin. Auren kansa ina takardarsa? An raba goro a masallaci, shaidu fal, amma jami'in biza takarda yake karantawa. Wanda ke zaune can yana son ɗauko matarsa kuwa, tun Afrilu 2024 sai ya nuna samun fam 29,000 a shekara, ba 18,600 na da ba. Ko suna abin dubawa ne: Muhammad a fasfo, Mohammed a sakamakon WAEC, a gyara tun da wuri.

Sai kuɗin banki. Dole su kwana 28 a jere cikin asusun ɗalibi ko na iyayensa. Yaron ofis da ya "gyara" takardar banki a kwamfuta zai kwana a gidansu lafiya, mai fasfon ne zai iya shan haramcin shekara 10.

Iyaye kuma sukan ɗauka yaro zai biya makaranta da aikin can, alhali awa 20 a mako aka yarje masa lokacin karatu. Don Allah, malamai, a faɗa musu wannan a zaman farko, tun fili bai bar hannunsu ba.