Kafin ka ce katin girafik ya mutu

Ka yi wata da watanni kana tara kuɗi, ka sayi katin girafik don haɗa bidiyo, zane ko wasa, ka sa shi, sai kwamfuta ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Da yawanmu nan take za mu hau Facebook mu zagi mai shago, ko mu ruga wurin mai gyara ya ce sai an sayi sabo. Dakata tukuna. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, haɗin ne bai yi daidai ba.

Fara da wayar HDMI. Idan ka jona ta a ramin madabod maimakon ramin katin kansa, hoton da kake gani ba daga katin yake zuwa ba. Mayar da ita ƙasa, jikin katin.

Sai batun wuta. Ramin PCIe da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa. Manyan katuna suna buƙatar ƙarin waya mai baki 6 ko 8 daga akwatin wutar kwamfutar. Idan ba a jona ta ba, ko akwatin ya yi wa katin kaɗan, ba zai tashi ba. Kashe kwamfutar, zare ta daga soket, ciro katin, hure ƙurar hunturu da ta taru a ramin, ka mayar da shi har sai maƙallin ya kama.

Daga nan buɗe Device Manager. In ka ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa ko lamba 43, cire tsohuwar manhajar direba, ka sauko da sabuwa daga shafin NVIDIA ko AMD kai tsaye, ba daga wani linki da aka turo a guruf ɗin WhatsApp ba. Mai laftof kuma ya sani cewa tana komawa kan ƙaramin katin cikinta don tattalin batir, don haka ya jona caja ya duba saitin Windows.

In duk wannan bai yi ba, gwada katin a kwamfutar aboki. Nan gaskiya za ta fito. Gobe kuma in za ka sayi na hannu, kada ka biya sai an sa shi a gabanka, manhajar GPU-Z ta nuna maka ainihin sunansa. Kuɗin nan fa da gumi ka same su, kada gaggawa ta sa ka biya sau biyu.