Na'urar Gano Ƙarfe da Haƙƙin Abin da Ƙasa Ta Ɓoye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A ƙasar Ingila akwai mutanen da nishaɗinsu a ranakun hutu shi ne yawo cikin gonaki da na'urar gano ƙarfe. Sanda ce mai faifai a ƙasanta, cikin faifan akwai naɗin waya mai tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa; idan ya tarar da ƙarfe sai na'urar ta yi ƙara. Galibin abin da suke tonowa kusoshi ne da gwangwanaye, amma wani lokaci a kan dace da dukiyar mutanen da. Tun da wannan na'ura ta fara shiga hannun matasanmu, ya kamata mu tambayi kanmu: wane haƙƙi ne ke kan wanda ya tono abin da magabata suka binne?

A watan Nuwamba na 1992, a ƙauyen Hoxne da ke gabashin Ingila, wani dattijo mai suna Eric Lawes ya shiga gona da na'urarsa yana neman gudumar da abokinsa manomi ya yar. Sai ya ci karo da cokulan azurfa da tsabar kuɗin Rumawa. Ya dakatar da tono, aka sanar da 'yan sanda da masu ƙasar. Washegari masana kayan tarihi suka kwashe sauran a tsanake, har suka gane cewa cikin akwatin katako aka shirya kayan. Tsabar kuɗin sun kusa 15,000. An biya shi fam miliyan 1.75, ya raba da manomin, kayan kuma suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Dokar da aka yi a 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci irin wannan dukiya ya kai rahoto cikin kwana 14, sannan a kimanta ta a raba ladan tsakaninsa da mai ƙasa.

A yankinmu kuwa na'urar ta zo ne ta ƙofar neman zinariya. Da ita aka yi ta tururuwa zuwa arewacin Sudan, da tsaunukan Jado a Nijar tun 2014. A 2020 ma'aikatan kula da kayan tarihi na Sudan suka isa Jabal Maragha, wani kufai na zamanin daular Meroe a hamadar Bayuda, suka tarar masu neman zinariya sun haƙa rami mai zurfin mita 17 da motocin tono, wurin da ya kai shekara dubu biyu ya rushe. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Darasin da ke tsakanin labaran nan biyu shi ne, ƙimar tsohon abu tana tattare da inda aka same shi. Tsabar kuɗin da aka san ramin da ta fito da abin da ke kwance kusa da ita shaida ce mai faɗin wanda ya zauna a wurin da wanda ya yi ciniki da shi. Idan aka fizge ta aka kai wa dillali ya auna a sikeli, nauyin ƙarfen kaɗai ya rage.

Malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan wannan. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, abin da mutanen jahiliyya suka binne shi ake kira rikazi, kuma wanda ya same shi zai fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Idan kuwa yana ɗauke da alamar Musulunci, hukuncinsa na tsintuwa ne, sai an yi cigiyarsa shekara guda. Ƙasar wani ba a tona ta sai da yardarsa, kabarin Musulmi kuma yana da alfarmar da ba a keta ta. Shari'a ba ta san tsintuwar da ake sakawa aljihu a yi shiru ba.

Mu Hausawan zango maganar ta fi shafarmu. Kakanninmu fatake ne da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suka kafa zangonni, suka gina masallatai, suka binne mamatansu. Kaɗan ne daga tarihinsu ya shiga littafi. Duk lokacin da aka ce mana baƙi ne jiya-jiya, abin da ke kwance a waɗannan kufai yana cikin hujjojinmu. Matashin da ya tone shi ya sayar a ɓoye, gadon jama'arsa ya sayar.

Wani zai ce matashi marar aiki ba ya cin tarihi, kuma wanda ya kai rahoto yakan ji tsoron a ƙwace kayan a sallame shi hannu rabbana. Wannan tsoro yana da tushe. Tsarin Ingila ya yi aiki ne domin mai gaskiya yana samun lada. Saboda haka wajibi ne sarakunan zango da limamai su tsaya tsakanin matasa da hukumomin kula da kayan tarihi, su nemi a riƙa biyan mai tsintuwa haƙƙinsa, a kuma rubuta sunansa da wurin da ya samu.

Ga wanda ya mallaki na'urar, ya nemi izinin mai ƙasa, ya san dokar ƙasar da yake zaune, ya nisanci maƙabarta da kufan masallaci. Idan ya ga alamar tsohon abu, ya tsaya, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sanar da manya kafin ya ƙara sara ko ɗaya. Allah Ya azurta mu da halal, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.